Ranar da Tsohuwa Ta Ƙi Ɗanta

Cikin duk ranakun da na yi a ofishin kula da walwalar ma'aikata na jami'a a nan Wagadugu, akwai guda da ba ta taɓa fita raina ba. Ita ce ranar da shugabarmu, Madam Odil, ta dawo daga unguwar Zongo ranta a ɓace, ta dire hular kwanonta a kan teburina, ta ce da ni cikin Faransanci, "Balkisa, mutumin unguwarku ya yi mini ƙarya." Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun tarar da wata tambaya da muke yi idan mun je duba gida, wasunku har dariyarta suke yi. To, daga wannan ranar ta samo asali.

Bari in fara da bayanin aikin saboda waɗanda ba 'yan gida ba. Jami'a ba malamai da ɗalibai kaɗai ba ce. Akwai direbobi, da masu shara, da masu gadi, da sakatarori, da masu kula da ɗakunan gwaji, kuma kusan kowannensu ya baro wani a gida, ko jariri, ko yaro marar lafiya, ko tsohon da ba ya iya tashi. A da, wanda irin wannan lalura ta kama sai dai ya yi ta satar jiki, yau ya ce tayar babur ce ta fashe, gobe ya ce rasuwa aka yi a unguwar Tanghin. Daga baya hukumar jami'a ta fito da tsarin sassauta lokaci, wanda a ofis muke ce wa amenajeman. Ba a rage wa mutum aiki, ba a taɓa masa albashi, ana dai juya masa lokacin shiga da na tashi yadda zai iya ji da gida. Sharaɗin shi ne wanda kake jinya ya kasance ɗanka, ko abokin aurenka, ko mahaifi, ko mahaifiya. Mun yi ƙorafi a kan wannan iyaka tun farko, don a garin nan da wuya ka sami gidan da ba ya riƙe da goggo ko kawu. Aka ce mana in an buɗe ƙofar gaba ɗaya, za a wayi gari ba kowa a ofisoshi sai fankoki suna juyawa.

Yadda ake yi kuwa, ma'aikaci zai rubuto buƙatarsa ta hannun shugaban sashensa, ta iso mana tare da takardar likita da takardar da ke nuna dangantaka. In takardu sun yi daidai, sai mu miƙa wa daraktan ma'aikata ya sa hannu. In kuwa akwai shakka, sai mu je gidan mu gani da idonmu, kuma idan mai jinyar yana cikin hankalinsa, dole mu ji daga bakinsa. Lokacin ni mataimakiya ce, ban hau kujerar da nake kai yanzu ba. Madam Odil ce shugaba, Bamoshiya ce ba Bahaushiya ba, doguwa, mai son aiki da tsoron a raina mata hankali. Ba muguwa ba ce ko kaɗan. An dai taɓa kai ta gidan wani tsoho da aka ce uban wani ma'aikaci ne, daga baya ta gano aron sa aka yi daga maƙwabta har da bargon da aka lulluɓa masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Mutumin da take magana a kansa Malam Isuhu ne, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen ilimin sinadarai. Aikinsa ya riga ɗalibai shiga da sassafe, ya wanke kwalabe, ya auna ruwan magunguna, ya jera kowane abu a mazauninsa kafin malami ya iso. In ya makara, aji guda ne zai tsaya a baranda yana hamma. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin kansa, sai ga shi cikin shekara guda Allah ya jarrabe shi sau biyu. Matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata biyu 'yan firamare, sannan tsohuwar da ke gidansa ta sami shanyewar ɓarin jiki. Kullum da safe sai ya jira maƙwabciya ta zo ta yi wa tsohuwar wanka, ya dama mata koko ya ba ta, ya kai yara makaranta, wasu ranakun ya kai ta gashin ƙashi asibiti. Kafin ya ratsa cunkoson unguwar Zogona ya iso, rana ta take. Shugaban sashensu ya rubuta masa takardar neman bayani har ya gaji, ya ce saura ya miƙa shi gaban kwamitin ladabtarwa. Shi ya sa Malam Isuhu ya nemi a mayar da shi zaman yamma, ya rubuta cewa mahaifiyarsa yake jinya.

Na tambayi Madam abin da ya faru. Ta ja kujera ta zauna, ta shiga lissafo mini da yatsu. Na farko, takardar haihuwarsa ta ce sunan uwarsa Ladi, ita kuwa marar lafiyar sunanta Habsu. Wannan saɓanin ne ma ya sa ta je gidan. Na biyu, ta duba tsohon fayil ɗinsa ta ga ya taɓa karɓar hutun rasuwar mahaifiya shekarun baya. Na uku, ta ji da kunnenta yana ce wa tsohuwar "Yaya", ta kuma tambayi wani mai sayar da yadi a bakin layi ma'anar kalmar, ya ce mata babbar 'yar'uwa ke nan. Na huɗu, wanda ya fi ƙona mata rai, ta durƙusa gaban tsohuwar ta tambaye ta da Mosanci, cikin ladabi, har tana ce mata Yaba, wato kaka, ko wannan da ke tsaye ɗanta ne. Tsohuwar ta ja mayafi, ta juya fuska ga bango, ta ce ɗan Ladi ne.

"Shi kuma me ya ce?" na tambaya.

"Ko uffan. Ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar mutane."

Ta ce za ta rubuta rahoto cewa ya ba da bayanin ƙarya. Ku kun san abin da wannan ke nufi. Makara laifi ce da ake yafewa, amma ƙarya a takardar hukuma, ga wanda dama ake jiran sa a gaban kwamiti, hanyar gida ce kai tsaye. Mutum mai marayu biyu da majinyaciya a ɗaki.

Gaskiya ni ma kaina ya ɗaure. A Zongo aka haife ni, kuma tun ina yarinya abin da na ji ana kiran sa ke nan, Isuhu na Ladi. Na san Goggo Ladi, mai sayar da atamfa da turaren wuta, na kuma je gaisuwar rasuwarta. Da a kotu aka tsayar da ni ranar, da na rantse ita ta haife shi. Amma abin bai zauna mini ba. Mutumin da in ɗalibi ya manta alƙalami a ɗakin gwaji sai ya bi shi da shi har bakin titi, me zai kai shi ƙaryar uwa? In ma ƙaryar zai yi, ai da ya shirya da tsohuwar tun kafin baƙuwa ta iso. Wane irin maƙaryaci ne zai kai mai bincike gaban wadda za ta ƙaryata shi, ya kuma tsaya yana kallo? Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, mijina ya sha cewa da ɗan sanda na zama da tuni ɓarayin Wagadugu sun yi hijira. Na roƙi Madam ta riƙe rahoton zuwa Litinin. Ta ce ta ba ni, amma kada in dawo mata da labarin tausayi, don tausayi ba ya shiga fayil.

Ranar Asabar da hantsi na sayi sabulu da ɗan goro, na tafi gidan a matsayin 'yar unguwa mai dubiya. Malam Isuhu ya fita kasuwa. Na tarar da tsohuwar a kan katifa a bakin ƙofar ɗaki, an jingina ta da matashi, hannun hagu a kwance kan cinya. Bakinta ya ɗan karkace amma maganarta tana fita sarai, da Hausarta ta mutanen wajen Maraɗi wadda zaman Wagadugu bai goge ba. Da na faɗi sunan mahaifiyata sai ta gane ni, ta shiga jero mini dangina har da waɗanda ni ban sani ba. Ta tambayi wane, ta yi wa wance addu'a, ta tsokani jikokin nan biyu, Nana da Zali, ta ce sun cinye mata ƙosai sun bar ta da takarda. Tsohuwa mai baki, mai ban dariya, ba abin da ya taɓa hankalinta. Sunan kowa yana bakinta, har akuyar gidan tana da suna.

Muna cikin haka sai ga ƙarar babur a zaure. Kafin ya gama sallama tsohuwar ta ajiye goron da take ɓantara, ta jawo mayafi har goshi, ta mai da ido kan wata tukunya da ke gefe kamar yau ta fara ganin ta. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Yaya, ya jikin?" Ba ta amsa masa ba. Sai ta dubi ƙaramar jikar ta ce, "Zali, ki ce ma mutumin ga an gode." Ya tashi ya shige ɗakinsa. Da ya ɓace sai na ga ta bi ƙofar da kallo ta wutsiyar ido, ta ce wa Nana a hankali ta je ta duba ko ya karya, don ta ga ya fita ba ruwa a cikinsa.

Nan take abin ya faɗo mini, har na kusa yin dariya a gaban marar lafiya. Ɗan fari ne. Kunyar ɗan fari ce take yi, irin ta mutanen da, wadda uwa ba ta kama sunan ɗanta na farko, ba ta kallon sa ido da ido, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. Mu 'yan birni mun san abin a sama-sama. Mahaifiyata ma ba ta kiran babban wanmu da sunansa na yanka, sai dai ta ce Babangida, amma tana hira da shi, har faɗa tana yi masa. Irin wannan mai tsanani kuwa, wadda za a tambayi mace ta ce ba nata ba ne, a labari kawai nake ji.

Da na fito na same shi a zaure yana goge babur, na tambaye shi kai tsaye. Ya daɗe yana murza tsumma kafin ya ba ni labari, shi ma yana kewaye-kewaye. Tana da ƙuruciya ƙwarai ta haife shi. Da aka yaye shi sai aka miƙa wa yayar mahaifinsa, Ladi, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita ta goya shi, ita ta kai shi makaranta, da aka zo yin takardar haihuwa aka tambayi sunan uwa, ta ba da nata, ba kuma wanda ya ga abin magana a ciki. Ya tashi yana ce wa Ladi Inna. Ita kuwa wadda ta haife shi, ya ji ƙannenta suna ce mata Yaya, shi ma ya bi bakinsu, ba wanda ya gyara masa. Sai da ya yi wayo sosai wata tsohuwa ta faɗa masa gaskiya a wurin biki. Da Ladi ta rasu ya karɓi hutun rasuwar uwa, don a wurinsa uwa ce ta rasu. Da Yaya ta kwanta ya rubuta uwa, don ita ma uwa ce. Ya ce shi bai ga inda ya yi ƙarya ba.

Na ce to me ya hana shi yi wa Madam wannan bayani tun a ranar. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"A gabanta? In tsaya a gabanta in ce ita ta haife ni?"

Na ce ai aikinsa ne a kan siraɗi. Ya ce ya sani. Sannan ya roƙe ni abu guda, ya ce don Allah kada mu dawo mu matsa mata. Mace ta riƙe abu shekara hamsin, yanzu da ba ta iya ko ɗaga hannu, ba zai yarda a ƙwace mata shi saboda takarda ba. In korar ce, Allah ya sa haka ya fi alheri, zai koma kasuwa wurin 'yan'uwa masu yadi. Raina ya ɓaci da shi, na kuma ji tausayinsa, duk a lokaci guda. Na san kasuwar da yake faɗa ba ta da wurin mutumin da bai taɓa auna yadi ko kamu ɗaya ba.

Ranar Litinin na zayyana wa Madam komai. Na ɗauka za ta ce tatsuniya na kawo mata. Sai na ga ta cire tabarau, ta ce a ƙauyensu ma akwai mai kama da wannan, amma tsakanin uba ne da ɗansa na fari. Kakanta bai taɓa sakin jiki da babban ɗansa ba, a gidan kawunnansa ma yaron ya girma. Ta ce ba ta taɓa kawowa a ranta cewa uwa ma za ta iya ba. Daga nan tambayoyi suka ɓalle. In yaron ya faɗi a gabanta fa, ba za ta ɗauke shi ba? In ya yi rashin lafiya? Ranar aurensa ina take zama? Na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce sai na tambayi tsofaffi. Muka ci rabin safiya a kan haka, shayinta ya huce ba ta sha ba.

Amma da muka dawo kan fayil sai ta koma Madam ɗinta. Ta ce ta yarda da ni, sai dai darakta ba zai sa hannu a kan yardarta ba. Takarda ta ce Ladi. Mahaifin ya rasu, Ladi ta rasu. Shaidar limamin unguwa za ta taimaka, amma ƙa'ida ta ce mai jinya in tana cikin hankalinta sai an ji daga bakinta, ga shi kuma abin da aka ji daga bakinta ya riga ya shiga kunnen jami'a. Gyaran takardar haihuwa a kotu kuwa zai ɗauki watanni, kwamiti ba zai jira ba. Dole mu koma, mu biyu, ni ina fassara. Na gaya mata roƙon da ya yi. Ta ce ba za ta matsa ba, tambaya ɗaya za ta yi, in ba a amsa ba ta tashi.

Muka je ranar Laraba bayan la'asar. Na roƙi Malam Isuhu ya bar gidan, ya tafi masallaci ya zauna. Maƙwabciyar ta kawo mana zomkom mai sanyi, wato ruwan garin gero, Madam ta sha ta yaba. Bayan gaisuwa na matsa kusa da tsohuwar, na yi ƙasa da murya. Ban ce ɗanki ba, ban kama sunansa ba, don na san in na yi haka ƙofar ta rufe ke nan. Na ce, "Inna, uban yaran nan ne ake shirin raba shi da aikinsa. Ya rubuta wa hukuma cewa wadda yake jinya ita ta kawo shi duniya, an zo an tambaya, an ji wani abu daban. Yanzu ana cewa ya yi ƙarya."

Ashe ba ta sani ba. Bai taɓa gaya mata ba, ta ɗauka baƙuwar ranar nan ma'aikaciyar asibiti ce. Na ga hannunta mai lafiya ya damƙe gefen zane. Na fara jin kunyar kaina, ina cewa a raina Balkisa kin shiga hurumin da ba naki ba. Madam ta taɓa ni da gwiwa, alamar mu tashi. Sai tsohuwar ta ce, "Ƙarya? Wanga bai san ta ba." Ta kira Nana, babbar jikar, ta ce ta zo ta zauna. Ta ɗora hannu a kan yarinyar, ba ta dubi kowa ba, ta ce:

"Wagga jikata ta. Uwatta kuwa, Allah shi jiƙan ta, ba ni na haihe ta ba."

Na fassara wa Madam kalma da kalma: wannan jikata ce, kuma ba ni na haifi uwarta ba. Na ga tana haɗa lissafin a kanta, idonta ya ɗan buɗe. Amma Madam ce, sai da ta ce in tambaya a hankali, to Ladi fa, wadda takarda ta ambata. Na tambaya ina jin nauyin bakina. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, daga ƙarƙashinsa muryarta ta fito.

"Ladi ta yi goyo. Ba ta yi naƙuda ba."

Ba ta ƙara ko kalma ba, mu ma ba mu nema ba. Muka yi mata addu'a muka fito. A zaure Madam ta tsaya tana ɗaura hular kwano. Ta ce shekararta nawa tana wannan aiki, ba ta taɓa jin an amsa tambaya sarai haka ba tare da an amsa ta ba. A rahotonta ta rubuta maganganun biyu yadda aka faɗe su, ta ƙara bayanin al'adar a ƙasa, muka sa hannu mu biyu, muka haɗa da shaidar liman. Darakta ya kira mu ya yi tambayoyinsa, shi ma abin ya ba shi mamaki, ya sa hannu da sharaɗin a je kotu a gyara takardar daga baya. Aka mayar da Malam Isuhu zaman yamma, wani abokin aikinsa mai son tashi da wuri ya karɓi na safe da murna. Maganar kwamiti ta mutu.

Da na gaya masa an sa hannu, bai fara da godiya ba. Tambayar da ya yi ita ce, me ta ce? Na maimaita masa. Ya sa na sake faɗa, sannan ya juya ya shiga jera kwalaben da ya riga ya jera. Na bar shi, na koma ofis.

Aka shafe watanni ba mu ji kansa ba, wanda a aikinmu alama ce ta lafiya. Yana kai yaransa makaranta, yana kai tsohuwar asibiti, ɗalibai suna tarar da ɗakin gwaji a shirye. Ni kan leƙa gidan jefi-jefi. Wajen ƙarshen damina na lura jikin ya fara ja baya, har hankalin ma ya soma tafiya yana dawowa. Takan kira Nana da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, takan tambayi ko an ɗaure jakai, alhali rabonta da ƙauye tun tana amarya.

Wata safiya sai ga Malam Isuhu a ofishinmu, lokacin da ba nasa ba. Ya gaishe mu ya zauna a bakin kujera, hularsa a hannu. Madam ta tambaya ko wata matsala ce ta taso a sashen. Ya ce a'a. Ya juyo wajena ya yi maganar da Hausa.

"Malama Balkisa, jiya ta kira sunana."

Ya ce yana ba ta koko ne, sai ta ɗago ta dube shi sosai, ido cikin ido, ta ce, "Isuhu, ka ci kai ma." Haka kawai, kamar kullum take faɗa. Ya ce shekararsa hamsin da 'yan kai, bai taɓa sanin yadda sunansa yake a bakinta ba. Na ce masa ai abin farin ciki ne. Ya girgiza kai, ya ce ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba, daren jiya ma bai san yana murna ko kuka yake ba. Amma shi ya san Yaya. Muddin tana nan da ƙarfinta ba za ta faɗa ba. Tunda ta faɗa, ta fara tafiya ke nan. Ya zo ne ya ji yadda ake neman hutun jinya na 'yan kwanaki, yana so ya zauna kusa.

Na fassara wa Madam. Ta jawo takardar da kanta ta cike masa, ta tashi ta kai wa darakta da ƙafarta. Bai cinye hutun ba tsohuwar ta rasu. Madam ta zo gaisuwa Zongo da ɗankwali a kanta, ta zauna cikin mata a kan tabarma, ba ta jin ko rabin abin da ake faɗa. Da ya dawo aiki ya nemi hutun rasuwar mahaifiya karo na biyu a fayil ɗinsa, ba wanda ya ɗaga gira.

Tun daga lokacin muka ƙara tambayar nan a ziyarar gida, wadda kuke ganin kamar wasa: me kake kiran ta, me take kiran ka, kuma me ya sa? Mun ji amsoshi iri-iri. Mun ga mai ce wa uwarsa Anti, mun ga mai ce wa kakarsa Mama don ita ya buɗe ido ya gani, mun kuma kama masu ƙaryar gaske, don su ma ba su ƙare ba. Abin da na koya shi ne, ƙa'idarmu da Faransanci aka rubuta ta, uwa ɗaya, uba ɗaya, kowa da layinsa, mutanen da muke yi wa aiki kuwa ba a kan layi suke zaune ba. Ba na ce ku yar da ƙa'ida ba, ita ce ta hana a mai da mu wawaye. Amma in kun shiga gida kuka ji amsar da ba ta yi daidai da takarda ba, kada ku yi saurin buɗe alƙalami. Ku zauna ku sha ruwan da aka kawo muku, ku lura da wanda ake kira da wanda ba a kira. A gidan Malam Isuhu, sunan kowa yana bakin tsohuwar nan har na akuya, mutum ɗaya kaɗai ta tsallake, kuma shi ne nata.